Audugar Bayan Ɗakin Inna

Na san abin da 'ya'yan Yaya Bello suka gaya muku, domin a gabana ma sun faɗa, ranar wani suna, suna zaton kunnena ya mutu. Wai ni ne na ƙone audugar kakarku don in faranta wa gwamnati rai, hakuma yadda ake ce mata a nan, a ƙara mini girma a wurin aiki. To ba a ƙara mini komai ba. Yadda na shiga gidan binciken noman nan ina mai yankan ganye, haka na fito da furfura ina mai yankan ganye. Amma ƙonewa kam na ƙone, da hannuna, Inna tana zaune tana kallo. Zan rubuta muku yadda aka yi, kuma da Hausa zan rubuta. In ta yi muku nauyi ku nemi mai karanta muku, na gaji da ina yi muku magana da harshen uwata kuna amsa mini da Larabci.

Ƙauyenmu yana yamma da Hasahisa, a bakin tur'a, wato babban magudanin da ke shayar da gonaki. Baba da Inna daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya tsinkar auduga wai na kaka ɗaya, to ga mu nan har yau. Da wahala da haƙuri Baba ya samu hawasha, gonar da hukumar noma ke ba mutum ya noma auduga a kan sharaɗi. Ku riƙe wannan, gonar ba taka ba ce, ranar da ka saɓa ana iya karɓe ta a ba wani, kuma masu jiran a karɓe ta mutumin yamma irinmu ba su da iyaka. Da Baba ya rasu Yaya Bello ya gaje ta, da ita yake ci da bakin mutum goma sha huɗu. Babban sharaɗin shi ne, in an gama tsinka a tumɓuke kowane karan auduga da saiwarsa, a tara a ƙone, a share gona tas. Daga nan har a yi sabuwar shuka ba a yarda a ga auduga mai rai ko ɗaya ba a duk faɗin ƙasar, ko kuɓewa ma ba a yarda ba. Dalili kuwa wata cuta ce da ake kira karmasha. Ganye ya nannaɗe, jijiyoyinsa su yi kauri, wasu 'yan ganyayyaki su tsiro a ƙarƙashinsa kamar kunnuwan ɓera, itacen ya tsugune ya ƙi haihuwa. Wani ɗan farin ƙuda ne, bai kai ƙwayar gero ba, yake ɗaukar ta daga wannan itace zuwa wancan. In babu auduga mai rai a watannin bazara, cutar ba ta da inda za ta fake ta jira sabuwar shuka.

A bayan ɗakin Inna kuwa, tsakanin katanga da tsohon rumbu, akwai itacen auduga biyar da ba a taɓa tumɓuke su ba. Ba irin na hukuma ba ne, irin gida ne da ta zo da shi daga garinsu, wanda ke shekara da shekaru yana tsaye, har ya fi ni tsawo. Ba ta cewa auduga ma, kaɗa take cewa, yadda ake faɗi a can. Duk ƙauyen an san da su, ba wanda ya taɓa furtawa, domin a ganinmu dokar hakuma ta audugar hakuma ce, wannan kuwa ta cikin gida ce, kuma namijin waje ba ya shiga cikin gida, ko da mufattish ne, babban mai duba gonaki. Da ruwan alwalarta take shayar da su. Ta tsinka, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna da mazari tana kaɗi, in zare ya taru ta aika wa masaƙi. Da farin da aka saƙa daga itatuwan nan aka yi wa Baba likkafani, tun daga ranar kuma ta shiga tara nata. Itace biyar ba ya ba da abin kirki, shekara tara tana tarawa, ta ce saura kaka biyu ya cika. Ba ta son a naɗe ta da yadin kanti wanda ba ta san hannun da ya taɓa shi ba.

Ni a lokacin ina da shekara ashirin da takwas, shekara biyu da auren uwarku, ba a daɗe da gama madatsar Rusairis ba. Ina aiki a wani gidan binciken noma a Madani, ƙarƙashin wani Daktor Awad, mutum mai shan taba marar haƙuri. Allah ya yi ni da hannu marar rawa, shi ne duk jarina. Aikina in yanka ganye da reza sirara-sirara har haske ya ratsa, in tsoma a rini, in shimfiɗa a kan gilashi, in sa masa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma. Daga Asabar zuwa Alhamis ina can, Alhamis da rana in hau lori in zo gida. Daktor yana da wani hali, in ya ga abin da ya burge shi dole sai wani ya gani, ko da mai shara ne. Haka wata rana ya finciko hannun rigata.

"Idris, sa idonka nan. Me ka gani?"

"Ɗakuna, ya Daktor. A jere, kamar gidajen ma'aikata."

"Madalla, kana da ido. Yanzu dubi cikin ɗaki guda."

Abin da ya nuna mini a ranar, ga shi yadda na fahimta. Ganye duk ɗakuna ne ƙanana. Kowane ɗaki yana da bango, a cikin bangon an shimfiɗa wani tantani siriri da ke tsare abin da zai shiga da abin da zai fita, a tsakiya kuma akwai wani ƙwallo, shi ma da nasa tantanin. A cikin ƙwallon nan aka ajiye umarnin itacen duka, yaushe zai yi ganye, yaya faɗinsa, yaushe zai yi fure. A lafiyayyen ganye ƙwallon ƙarami ne sumul, rini ya kama shi daidai. Sai Daktor ya zare gilashin ya sa wani, na ganye mai karmasha. Subhanallahi! Ƙwallayen ɗakunan da ke gefen jijiya sun kumbura, wasu sun kusa cika ɗakin, baƙin ɗigon da ke cikinsu ya buɗe ya yi zobe, sauran abin da ke ciki ya tattaru a gefe, tantanin ya yamutse. Ɗakunan kansu sun hayayyafa ba tsari, suna hawa kan juna, shi ya sa jijiyar ke kauri. Na ɗago kai na tambaye shi, ita cutar fa, ina take?

"Ba za ka gan ta ba, ni ma ban taɓa ganinta ba. Fairus ce, ta fi ƙarfin madubin nan, sawunta kawai muke gani. Ƙuda ya zuba ta a jijiya, ta ratsa tantani ta shige ƙwallon, ta sa shi ya bar aikin itacen ya koma yi mata 'ya'ya. Daga nan ta bi 'yan ƙofofin da ke tsakanin ɗaki da ɗaki. In ta shiga ba ta fita. Ko ka sare itacen, tana nan cikin kututture da saiwa."

A waccan shekarar karmasha ta sauka a gonakin ƙauyenmu tun auduga ba ta kai gwiwa ba. Abin da ya tsorata ni ba yawanta ba ne, inda ta faro ne. Wata Alhamis na sauka daga lori na biyo gaɓar tur'a, na ga gonakin nesa kore shar, na kusa da ƙauye sun yamutse, mafi muni kuma shi ne kusurwar da ke fuskantar katangar gidanmu ta baya. Abin da na gani kuwa mufattish ma ya gani, ba makaho ba ne. Washegari bayan sallar Juma'a samad ɗinmu, wato mutumin ƙauye da ke tsakaninmu da hukumar noma, ya miƙe ya ce za a bincika gidaje, duk wanda aka samu da auduga ko kuɓewar da ta ƙetare bazara za a karɓe hawasharsa. Mutane suka yi 'yar dariya, sun sha jin haka, a zaure ake tsayawa a sha shayi a tafi. Samad ya jira dariyar ta lafa.

"Wannan karon da mata mufattish zai zo. Unguwarzoma biyu, su za su shiga ciki."

Ya ce ba a sa rana ba tukuna, da ƙauyukan gabas za a fara. Na dubi Yaya Bello, shi kuma yana duban tabarma.

Da la'asar na zagaya bayan ɗakin Inna. Itatuwan nan lafiya lau a ido, ba nannaɗewa, ba tsugunawa. Amma da na girgiza reshe farin ƙuda ya tashi buu, da na ɗaga ganye ga rana kuma sai na ga ƙananan jijiyoyin sun ɗan yi duhu da kauri, abin da in ba mai yankan ganye ba babu wanda zai kula. Inna tana salla a ɗaki, ina jin kabbararta. Na karya reshe guda, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma na cusa a jaka. Sata ce, kada ku nemi wani suna, kuma ban taɓa yi wa Inna sata ba sai ranar. Asabar tun kafin Daktor ya iso na zauna yanka, ni da nake taƙama da hannuna, sai a yanka na huɗu na samu siriri. Na sa ido. Suna nan, ƙwallayen nan masu kumburi da zobe, ba su kai yawan na gona ba, amma suna nan. Ban ji shigowar Daktor ba sai warin tabarsa, ya ɗauki reshen yana juyawa.

"Wannan ba audugarmu ba ce. Ina ka samo?"

"A bakin hanya, ya Daktor, wajen wani kango."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana.

"Kangon da ke shayar da itace shekara da shekaru. Tayyib, shi ke nan. Ban tambaye ka ba, kai ma ba ka faɗa ba. Amma madubi ba ya yanke hukunci, wani abin ma yana iya kumbura ƙwallo. Kawo keji."

Muna da farin ƙuda da muke kiwo a keji mai raga, masu tsabta, ba su taɓa sauka a kan itace mai cuta ba. Ya tsoma reshen a ruwa, ya sake musu shi suka tsotsa, sannan muka kwashe su muka zuba a kan 'yan tsiron audugar hukuma guda shida, lafiyayyu. Ya ce sati uku, in tsiron suka kamu, to magana ta ƙare. Wayyo, sati ukun nan! Kullum kafin in cire takalmi sai na je na tsuguna gaban kejin ina juya ganye. Na roƙi Allah a kan 'yan tsiron nan fiye da yadda na roƙa wa kaina aure. In na zo gida ba na iya haɗa ido da Inna, ita kuwa sai ta tura mini akushi da ƙafar mazari tana tsokanata.

"Idi, mi yas same ka? Ka rame kamar kara. Ko Madani ba a tuwo? Ci, miyar kuka ta, ba irin ruwan da matarka ka yi ma ba."

In ɗan taɓa in ture akushin. Rana ta goma sha tara, Laraba, jijiyar tsiro guda ta yi kauri. Kafin Alhamis da hantsi huɗu cikin shida sun fara nannaɗewa. Daktor ya tsaya a kaina yana busa hayaƙi.

"Ko ina kangon nan yake, shi ke ciyar da cutar daga shekara zuwa shekara. Irin nan tsoho ne, ya saba da ita, yana ɗauke da ita bai faɗi ba. Namu ne ke faɗuwa."

Da na sauka daga lori ranar, labarin da na fara tararwa shi ne an sa rana, jibi Asabar. Na samu Yaya Bello a ƙofar ɗakin Inna bayan la'asar, ita tana kaɗi, shi yana wasa gatari, fuskarsa a sake kamar wanda ya gama shawara.

"Ma fi mushkila, Idi, ba matsala. Gobe in sare su daidai ƙasa, in jibga itacen girki a kai. Matan su shigo su ga itacen girki su fita. In an yi wata biyu sun toho, khalas, magana ta ƙare."

"In sun toho da cutar za su toho, Yaya."

"Wace cuta? Tashi ka je ka duba, ganye kore shar!"

A nan na yi wauta ta farko. Maimakon in tsuguna in yi magana irin ta ɗa, sai na tsaya a tsaye ina bayani irin na Daktor, da ɗakuna da tantani da ƙwallo, har ina zana su a ƙasa da tsinke. Na ce cutar tana cikin itacen tun daga ganye har saiwa, ba ta kashe shi, amma duk ƙudan da ya sauka a kansa da ita yake tashi, ya ƙetare katanga. Inna ba ta daina murza mazari ba har na gama.

"Kai ka gan ta da idonka?"

"Sawunta na gani, Inna."

"Sawu. Shekara arba'in kaɗag ga tana nan, ubanka bai ga sawu ba. To ina kas samu ganyen da kad duba?"

Na shiga goge zanen da ƙafa. Ta sake tambaya, a hankali.

"Ni na karya, Inna. Kina salla."

Ta ajiye mazarin. Yaya Bello ya yi tsalle ya miƙe da gatari a hannu, har uwarku ta leƙo daga madafa.

"Kai! Ka kai ganyen gidanmu gaban hakuma? Don kana cin abincinsu shi ne za ka sayar da mu?"

Ni ma zuciya ta ɗebe ni, kun san ni. Na ce masa babu wanda ya san daga ina ganyen ya fito, amma ya je ya dubi hawasharsa ya faɗa mini buhu nawa zai tsinka bana. Na ce ya dubi ta maƙwabta, mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci, waɗanda suka rufa mana asiri shekara da shekaru ba su san daga bayan katangarmu abin ke fito musu ba. Na ce in ya ɓoye kututture bana, baɗi cutar daga kusurwar nan za ta sake farowa, mufattish kuwa ba itacen girki zai tsaya kallo ba, tono zai sa a yi. Manomi ne, ya fi ni sanin inda karmasha ke farowa duk shekara, bai dai taɓa yarda ya faɗa wa kansa ba. Ya jefar da gatarin.

"Ni dai hannuna ba ya ciki. In za ka yi ka yi, amma ka san wadda za ka yi wa."

Inna ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kaka biyu nika roƙonka, Idi. Biyu tak. In na cika, ka zo ka tuge abinka, in ma na kai."

Na tsuguna a lokacin, amma na makara. Na ce zan je Madani in sayo mata farin yadi mafi kyau, in nemi masaƙi, in nemi audugar da za ta kaɗa da hannunta. Ta ce ba ta san uwar waccan audugar ba. Na ce Inna ki yi haƙuri, ba zai yiwu ba. Ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki.

Juma'a da hantsi na ɗauki diga. Kun san ƙasar Jazira, baƙar laka ce, in ta bushe dutse, in ta jiƙe danƙo, saiwoyin nan kuma sun yi shekaru suna nutsewa. Na yi zaton Inna za ta zauna a ɗaki, ina! Ta fito ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta zauna tana fuskantata, hannuwanta a kan cinya. Matan maƙwabta suka taru a bakin ƙofa. Yaya Bello ya jingina da katanga ya harɗe hannu. Duk saran da na yi ina jin idonta a bayana. Itacen suna ɗauke da 'ya'ya kore da ba su fashe ba, suna karkaɗuwa suna bugun fuskata. Sai gab da azahar na fitar da na biyar, na bi ramukan da hannu ina tsince guntayen saiwa don kada ko ɗaya ya toho, tafin hannuna ya sale. Na tara su nesa da rumbu, na zuba kananzir na ƙyasta ashana. Ɗanyen itace ne, hayaƙi ya fi wuta yawa, ya ba ni dalilin hawayen da nake yi.

Wutar ta kama sosai ke nan Inna ta dafa rumbu ta miƙe, ta shiga ɗaki. Na ce a raina ta gaji da kallo. Sai ga ta ta fito da wata tsohuwar gora da aka toshe bakinta da tsumma, ta zo har gabana ta buɗe. Angurya ce, ƙwayar audugar da ta gurje ta ajiye don iri.

"Wagga fa, Afandi? Anguryar bara ta. Ita ma da ciwon?"

Afandi muke ce wa ma'aikacin hakuma mai wando da takarda. Ba ta taɓa kirana haka ba. Ku ji gaskiyar da nake so ku ji, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ganye nake yanka, ban taɓa yanka iri ba, ban taɓa tambayar Daktor ba. Abin da ya kamata in ce ke nan, ban sani ba Inna, ba ni in je in tambayo. Amma ga Yaya Bello a tsaye, ga mata cike da ƙofa, ga ni jiya-jiya na tsaya ina zane a ƙasa ina nuna ni ne masani. Na ga in na ce ban sani ba yanzu, duk za su ce ashe ɗayan ma ban sani ba, banza na tuge itacen tsohuwa. Sai na dubi gorar.

"Tana da shi, Inna."

Ta miƙo mini gorar da hannu biyu. Na karɓa na juye a wuta. Angurya tana da mai, ta yi ta fashewa tas-tas, ƙaurinta ya cika gidan.

Asabar unguwarzoman nan suka shigo, suka ga toka da ramukan da aka cike, suka dubi juna suka fita. Hawasha ta tsira. Da shekara ta zagayo kusurwar nan ta bayan katanga ta yi kore kamar sauran gonaki, maƙwabta suka tsinka, Yaya Bello ya tsinka, bai taɓa ce mini ka yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Inna ta yi shekara uku bayan haka. Ba ta tsine mini ba, ba ta hana ni gaisuwa ba, in na tsuguna sai ta ce lahiya lau Afandi, ta kau da kai. Mazarin ta ba wata jikarta ta yi wasa da shi. Da ta rasu farin da ta tara bai isa ba, aka cika da yadin kanti, ni na sayo.

Amma sai na mayar da ku baya, ga Lahadin da na koma aiki bayan binciken. Daktor ya ga hannuna a ɗaure da tsumma, bai tambaye ni abin da ya same shi ba. Muna cikin aiki, idonsa a kan madubi, ya yi magana kamar da kansa yake yi.

"Masu kangon nan, in suna da iri ka karɓo mini ko cikin tafin hannu ne. Itacen da ke ɗaukar karmasha bai faɗi ba abin nema ne. In shuka shi a ɗakin raga inda ƙuda ba ya shiga, abin da ya haifa kuma su zo su tsinki abinsu."

Na ajiye rezar a kan tebur.

"Irin ba ya ɗauke da cutar, ya Daktor?"

"Karmasha? Abadan. Ba ta bin iri, sai ƙuda ko kututture. Ka shuka shi ya fito da tsabtarsa kamar ba a taɓa yi ba. Me ya faru?"

Na ce ba komai, reza ce ta dakushe.

Na bi ƙauyukan Hausawa daga Hasahisa har Dindir ina tambayar tsofaffin mata ko akwai mai sauran irin nan, kowa ta ce ai wurin Inna ake samu. Ban faɗa mata ba. Sau da yawa na zauna a gabanta da niyyar faɗa, sai in yi gaisuwa in tashi. Yaya Bello ya rasu bai sani ba, uwarku ma haka. Itatuwan nan biyar, in aka mayar da ni ranar, zan sake tuge su, kuma duk wanda ya zage ni a kansu ya zaga. Anguryar kuwa ƙarya na yi wa uwata don kada a ce ban sani ba. In za ku roƙa mini gafara, a kan wannan za ku roƙa.